Wasila da Gwiwar Sa'ad

Ba su cika shekara da aure ba Sa'ad ya ji ciwo a gwiwa. Ranar wata Asabar ce bayan la'asar, Wasila tana tsakar gidansu a Mabera tana tankaɗen gari, sai ta ji tsayuwar Napep a ƙofar gida da muryoyin maza ana ta cewa a bi a hankali. Kafin ta lalubo hijabinta har abokansa biyu sun yi sallama sun shigo da shi rataye a kafaɗunsu. Rigar ƙwallo ce a jikinsa, ta jiƙe sharkaf da gumi, ƙafarsa ta dama kuwa ko ƙasa ba ta taɓawa.

Sa'ad ɗan baya ne a ƙungiyar ƙwallon unguwarsu. Da safe yana gyaran waya a 'yar rumfarsa da ke Gidan Dare, da yamma kuwa ba inda za a same shi sai fili. A kwanakin nan ma wani mai horarwa na wata babbar ƙungiya ya ga wasansa, ya ce ya zo gwaji bayan babbar Sallah. Tun daga ranar ba shi da wata hira sai ta gwajin nan.

"Wa ya buge ka?" in ji Wasila, tana durƙushe a gabansa tana kwance masa igiyar takalmi.

"Ba kowa," ya ce. "Juyawa kawai na yi in bi mutum, ƙafar ta kafe, jikina ya wuce. Sai na ji ɗas daga ciki."

Kafin magariba gwiwar ta kumbura kamar ƙullin fura. Mahaifiyarsa, Inna Mariyatu, ta zo daga Ƙofar Marke washegari da sassafe, ta sa aka kai shi wajen wani tsohon maɗori na unguwarsu. Tsohon ya lalluba, ya ja ƙaurin gaba ya mayar baya, ya girgiza kai ya ce ba karaya ba gocewa, wannan aikin jijiya ne, su tafi asibiti. A asibiti aka yi hoto, aka ce jijiyar da ke riƙe tsakiyar gwiwar ce ta tsinke. Aka jira kumburi ya saɓe, sannan aka yi masa aiki. Da aka sallame su, likitan ya ce nasa ya ƙare, saura na masu gashin ƙashi, kuma nasu ya fi nasa tsawo.

Sashen gashin ƙashi wani dogon ɗaki ne a bayan asibitin. Akwai gadaje masu labule a gefe guda, da kekuna marasa taya waɗanda ake tuƙawa a wuri ɗaya, da wasu dogayen ƙarafa biyu da masu koyon tafiya suke dafawa, da babban madubi a bango. Wanda aka haɗa Sa'ad da shi sunansa Malam Tukur, gajeren mutum mai furfura a gemu, mai magana a hankali kamar ba ya son ya tashi wani daga barci. Ya kwance bandejin, ya dubi ɗinkin, ya jera cinyoyin Sa'ad biyu.

"Dubi nan," ya ce. "Ka ga ta dama ta zube? Naman ya kwanta tun da ka daina taka ta. Sai mun tashe shi. Ita kuma gwiwar abu biyu muke nema gare ta, ta miƙe sosai, ta kuma lanƙwashe sosai. In aka bar ta yadda take, nama zai kama ta ciki, ta sandare."

Ya ɗauko wani ma'auni na roba mai hannu biyu, kamar abin lissafin 'yan makaranta, ya ɗora a gefen gwiwar, ya ce Sa'ad ya lanƙwasa iya ƙarfinsa. Kaɗan ta motsa, Sa'ad ya cije leɓe.

"Wa ke tare da kai a gida?"

"Iyalina. Tana waje bisa benci."

Aka kira Wasila. Ta shigo tana sunkuyar da kai, ta gaishe shi. Malam Tukur ya ce abin da za a yi a ɗakin nan kaɗan ne, tunda ba kullum za su zo ba, babban aikin a gida yake, safe da yamma. Ya zaunar da Sa'ad a bakin gado ƙafafunsa na lilo, shi kuma ya zauna a kan wata 'yar kujera a gabansa, ya kama ƙaurin daga saman idon sawu, ya tura shi baya a hankali zuwa ƙarƙashin gadon.

"Haka za ki yi. Ki tura har ya ji ta ɗaure, ki ƙara kaɗan, sannan ki riƙe gwargwadon karanta Fatiha a natse. Ki saki, ku huta, ki sake. Zafi iri biyu ne. Akwai na ja, kamar ana jan roba, wannan shi muke so. Akwai kuma na suka mai kaifi kamar allura, in ya ji wannan ki tsaya nan take. Kai kuma, Sa'ad, ka gaya mata gaskiyar wanda ka ji. In kun gama a sa ƙanƙara a tawul a ɗora."

Ya sa ta gwada a gabansa. Ta kama ƙafar mijinta a gaban baƙon namiji, kunya kamar ta nutse, amma ta yi.

A gida kuwa abin ya gagara. Wasila mace ce da ko yankan kaza ba ta iya kallo. Da ta fara turawa, ta ga goshinsa ya tattare, sai hannunta ya yi sanyi.

"Da zafi?"

"Ƙwarai."

"Na ja ko na suka?"

Sai ya ce, "Kamar na suka na."

Sai ta saki. Ita ta san ba gaskiya ya faɗa ba, shi ma ya san ta sani, amma dukansu sun fi son hakan. Ta kan je maƙwabta wajen masu firijin sola ta karɓo ƙullin ƙanƙara, ta naɗe a tawul ta ɗora masa, ta zauna kusa da shi tana yi masa fifita suna hira. Wannan ɓangaren ba ta taɓa fashinsa ba. Ta dafa masa farfesun ƙafar saniya, ta dama masa kunun gyaɗa, ta riƙe masa buta, ta gyara masa filo a ƙarƙashin gwiwar don ya ji daɗin kwanciya, alhali Malam Tukur ya ce a ƙarƙashin diddige za a sa, a bar gwiwar ta miƙe da nauyinta. Duk ranar da suka je asibiti aka tambaye su ko ana yi a gida, sai su haɗa baki su ce ana yi.

Aka ɗauki makonni a haka. Wata ranar Talata Malam Tukur ya ɗora ma'auninsa, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ajiye shi a kan gado. Ya ja labule ya rufe su, ya jawo kujera ya zauna.

"Ba faɗa zan yi muku ba," ya ce. "Amma gwiwar nan tana inda na bar ta. Waɗanda aka yi wa aiki bayanka sun wuce ka."

Sa'ad ya dubi bango. Wasila ta dubi yatsunta.

"Ga abin da ke gabanmu. In ta ci gaba a haka, za a mayar da kai ɗakin tiyata, a sa ka barci, a lanƙwasa ta da ƙarfi, sannan mu koma farko. In kuma an ƙi, to ka manta da ƙwallo, wannan ma ƙaramar magana ce. Tafiya za ka riƙa yi kana jan ƙafa, sallah kuma bisa kujera, kana da ƙuruciyarka." Ya juya wajen Wasila. "Malama, na san abin da wuya. Ni da nake wannan aikin kullum, da ɗana ya karye a hannu sai da na ba abokin aikina shi, na fita waje. To amma ku ba ku da wanda za ku ba. In ba za ki iya ba ki faɗa mini, ba laifi ba ne, mu nemi wata dabara."

Wasila ta ɗago kai. Sannan ta ce, "Zan iya, in sha Allahu."

Suka hau Napep suka koma Mabera.

Washegari da hantsi, bayan ya karya kumallo, ta shimfiɗa tabarma a gaban gado ta zauna. Ta naɗe hannun rigarta, ta kama ƙaurin, ta yi bisimilla ta fara turawa. Ta kai inda ta saba tsayawa, ta wuce.

"Ya isa," in ji Sa'ad.

Ba ta ɗago kai ba. "Na ja ko na suka? Ka ji tsoron Allah ka gaya mini gaskiya."

Ya yi nishi. "Na ja na. Amma ya isa."

Ta ƙara kaɗan, ta riƙe, ta fara karanta Fatiha a ƙasa-ƙasa. Ta ji cinyarsa tana karkarwa, ta ji ya damƙe zanen gado.

"Wasila, sake ni! Na ce ki sake ni! Ke wace irin mace ta? Ba ki da imani? Daɗi kike ji ko mi?"

Tunda suka yi aure bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ta ji maganar har cikin ƙirjinta, amma ba ta saki ba sai da ta kai ƙarshen surar. Ta bari ya huta, ta sake kamawa. Wannan karon bai yi magana ba, sai huci. Da suka gama ta ɗora masa ƙanƙara, ta sa tawul naɗaɗɗe a ƙarƙashin diddigensa, ta ɗauke filon da ta saba sa masa a gwiwa ta jefa kan kujera. Sannan ta fita madafa, ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da gefen zanenta ta yi kuka mai isarta, ba tare da ta bari sautin ya fita ba.

Bayan la'asar ta sake shimfiɗa tabarmar. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Abincin ranar da ta ajiye masa yana nan a rufe.

"Yaya Sa'ad, lokaci ya yi."

Ya juyo a hankali. Idanunsa sun yi ja. Ya dube ta, ya ga nata ma sun kumbura.

"Ki yafe mini abin da na hwaɗa miki ɗazu," ya ce. "Wallahi ba ke nike jin haushi ba."

"Na sani."

"Tsoro nike ji. Duk sanda ta ɗaure sai in ji kamar za ta sake yin ɗas ɗin nan."

Ta zauna a bakin gadon, ta ɗora hannu a kan tafin ƙafarsa. "Ni ma tsoron nike ji. Amma ka ji abin da Malam ya ce. Ka yi ta hwaɗanka in ya taso maka, ba ni jin haushi. Saki ne dai ba ni yi."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ja jiki ya zauna a bakin gado, ya miƙa mata ƙafar da kansa.

Ana cikin haka wata safiya Inna Mariyatu ta zo ba sanarwa, ɗauke da kwanon masa da wani ɗan gwangwani na man kaɗanya. Ta yi sallama ba a ji ba, ta ɗaga labule, sai ta ga ɗanta ya cusa fuska a filo gumi na zuba, matarsa kuma ta danne ƙafar da aka yi wa aiki tana turawa da ƙarfinta.

"Innalillahi! Ke ɗiyar ga, mi nike gani haka? Kashe min shi za ki yi? Ƙahwar da anka yanka anka ɗunke ita kika murɗawa?"

Wasila ta firgita, amma ta san ba a sakin ƙafar farat ɗaya. Ta sassauta a hankali har ta dawo daidai, sannan ta durƙusa ta gaishe ta.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Sa'ad yana share fuska. "Likita na ya sa ta. Da can tausayina take ji tana bari, har ƙafar ta so ta sandare. Wanga abin da kika gani shi ne maganin. In akwai mai laifi ni ne, ba ita ba."

"Wane irin magani na wanga, mutum shina kuka?"

Ya yi mata bayani yadda Malam Tukur ya yi musu, har da maganar sallah bisa kujera. Ya nuna mata inda ƙafar take tsayawa a da, da inda take kaiwa yanzu. Inna ta yi tagumi tana saurare, tana duban gwiwar, tana duban Wasila wadda har yanzu take durƙushe.

"Kun ƙare na yau?"

"Da saura," in ji Wasila a hankali.

Tsohuwar ta ajiye mayafinta, ta hau gadon da ƙyar saboda nata ciwon bayan, ta zauna a bayan ɗanta, ta rungumo kafaɗunsa kamar yadda ake riƙe yaro za a yi masa allura. Ta kawar da fuskarta wajen bango.

"To yi. Ni ba ni iya kallo."

Wasila ta kama ta tura. Ita tana karatu a ƙasa, Inna tana nata a sama tana tofa masa a ka. Da aka gama, Inna ta sauko ta zauna a kan tabarmar, ta kamo hannayen Wasila biyu ta juya su. Ta buɗe gwangwanin man kaɗanyar da ta kawo don gwiwar ɗanta, ta lakato, ta shiga murza mata a wuyan hannu da yatsu.

"Sannu, ɗiyata," ta ce. "Allah shi yi miki albarka. Ni da ba ni iyawa."

Daga nan abubuwa suka fara tafiya, ko da yake ba kullum gaba ake ci ba. Wata rana gwiwar ta saki, wata rana ta kumbura a koma baya. Ran da aka ɗora shi a kan keke, feda ta ƙi zagayawa, sai dai ya kai ta rabi ya dawo, ya kai ta rabi ya dawo. Ya yi kwanaki a haka, har wata rana ƙafar ta haye sama ta zagayo da kanta. Ya yi ihu, wata tsohuwa da ake gasa wa kafaɗa a bayan labule ta tambaya ko lafiya. Malam Tukur ya ce a samo abu mai ɗan nauyi a riƙa ɗaura masa a ƙafa yana ɗagawa. Wasila ta yanki tsohuwar atamfarta ta ɗinka 'yar jaka doguwa, ta roƙi yashi wajen masu gini a bayan layinsu ta cika ta. Cikin sanduna biyun da yake dogarawa ya ajiye ɗaya, daga baya ya ajiye ɗayar. Ya koma rumfarsa yana zama rabin yini. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci ya tsaya a bakin madafa yana murmushi, ya ce mata yau a ƙasa ya yi sujada, ya kuma zauna tahiya, ko da yake a karkace.

Sai babbar Sallah ta zo ta wuce. Aka yi gwajin da aka kira shi, aka ɗauki wani abokin wasansa mai suna Saifullah. Saifullah ya zo har gida ya yi masa sallama, Sa'ad ya yi masa addu'a da fatan alheri, ya raka shi bakin titi. Da ya dawo ya shiga ɗaki ya kwanta. Ranar zuwa asibiti ta zo ya ce kansa na ciwo. Ta gaba ma ya ce aiki ya yi masa yawa a rumfa. Jakar yashin ta koma ƙarƙashin gado.

"Tafiya dai ina yi, sallah ina yi," ya ce da ta yi masa magana. "Sauran wahalar ta mi ce? Wa ke jirana?"

Wasila ba ta ja da shi ba. Ita ma a lokacin tana da nata abin da take fama da shi, don ciki ne da ita, ya fara fitowa, ga kasala ga kumburin ƙafa. Da ta dawo daga awo wata rana, ta zauna kusa da shi tana cire hijabi.

"Malamar asibiti ta ce in riƙa tattaki da sassafe, wai zaman ya yi mini yawa. Ni kuma ba ni iya fita ni kaɗai a wannan lokacin."

Ya dube ta da gefen ido. "Ita ta ce, ko ke da Malam Tukur kunka ƙulla?"

"Ga katin nan, ka je ka tambaye ta."

Bai je ba. Amma da ya dawo daga sallar asuba washegari, ya tarar da ita a shirye, sai ya juya suka fita tare. Gari bai gama wayewa ba, iska da ɗan sanyinta kafin ranar Sakkwato ta fito ta karɓe garin. Suka bi ta gaban masu shayi suna hura wuta, da mata masu suyar ƙosai, da 'yan kabu-kabu suna goge baburansu. Ita tana tafe a hankali hannu a ƙugu, shi yana rage sauri don ta. Da farko iyakarsu bakin babban titi. Sannu a hankali suka riƙa kaiwa har filin makarantar firamare inda ƙungiyarsu take atisaye, ta zauna a kan wani kututturen dogonyaro ta huta, shi kuma ya tsaya yana kallon filin da ba kowa a cikinsa.

Wata safiya tana zaune ta ce, "Ƙafata ta gaji. Kai je ka zagaya ka dawo, ina nan."

Ya tafi da tafiya. Da ya kai wajen ragar can nesa, ta hango ya ɗan ɗaga ƙafa yana sassarfa, yana ɗingishi kaɗan, kamar mai gwada ƙasa ko za ta ɗauke shi. Ya dawo yana haki, ya zauna a ƙasa kusa da ita.

"Malam zai yi mini faɗa," ya ce. "Bai ce in fara gudu ba."

"To sai ka je ka gaya mishi da bakinka."

Ya koma asibitin a makon nan. Malam Tukur bai tambaye shi inda ya shiga ba, sai dai ya matsa cinyar ya ce ta ɗan koma, sai an sake gini kafin a yi maganar gudu. Wannan zangon ya fi na baya tsawo, amma aikin ya bar hannun Wasila ya koma nasa. Tsugunno, hawa da sauka a kan akwati, tsayuwa da ƙafa ɗaya a kan katifar soso ana jefo masa ƙwallo yana cafewa. Daga baya gudu a miƙe, sannan gudu da juyawa. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne tsalle da ƙafar daman ita kaɗai. Ƙarfin ya dawo, amma da ya zo dira sai ya saki ta hagu ta taimaka.

"Gwiwar ta warke," in ji Malam Tukur. "Kai ne ba ka yarda da ita ba tukuna. Wannan kuma ba a yi masa gaggawa. Mu ci gaba."

Suka ci gaba har damina ta wuce, aka yi girbi. A cikin wannan lokacin Wasila ta haifi 'ya mace, aka sa mata suna Mariyatu, suna kiranta Ummi. Sai da yarinyar ta fara zama sannan Malam Tukur ya gwada ƙafafun Sa'ad biyu, tsalle da tsalle, ya ga sun yi kusan daidai, ya ce ya koma fili, amma ya fara da rabin wasa.

Ranar wasan Wasila ba ta iya cin abincin rana ba. Ta yi wanki, ta share tsakar gidan da ta riga ta share, ta goya Ummi ta sauke ta, ta sake goya ta. Duk Napep ɗin da ya wuce ta layin sai gabanta ya faɗi. Ana gab da kiran magariba ta ji sallamarsa. Da ƙafarsa ya shigo, takalman rataye a wuya, gefen jikinsa na dama duk jar ƙasa tun daga kafaɗa har ƙauri.

"Faɗuwa ka yi?"

"Kayar da ni anka yi. Wani ƙaton ɗan gaba ya shigo mini ta wannan gefen, muka zube tare." Ya zauna a kan tabarma yana miƙe ƙafafu. "Na ɗan jima kwance ina saurare in ji ko wani abu ya motsa. Duk fili anka yi tsit. Sai na tashi na taka, na ji ba komai. Wallahi, Wasila, daga nan ban sake tuna ta ba har aka canza ni."

Ta miƙa masa Ummi, ta durƙusa ta naɗe ƙafar wandonsa, ta shafa gwiwar ta kowane gefe, ta gwada ta da ɗayar. Ba zafi, ba kumburi, sai ɗan ƙujewa a fata.

"Alhamdu lillahi," ta ce. Ta sake cewa, "Alhamdu lillahi." Sannan ta tashi da sauri ta shiga madafa don kada ya ga idonta.

"Ba ki tambayi yadda wasan ya ƙare ba," ya ɗaga murya yana wasa da yarinyar.

"Yaya ya ƙare?"

"An cinye mu."

"Allah shi kyauta gaba. Taso ka yi wanka kada sallah ta wuce ka, ga ruwa can na kai maka."